Babi na 6: Baikal, Tafkin da Ake Takawa da Ƙafa

"To, ruwa kawai za ka je kallo?" Duk wanda ya ce zai kwashi kuɗinsa ya nufi wani tafki can tsakiyar Saiberiya, da wannan tambayar za a tare shi a gida. Masu tambayar kuwa suna da hujja. An san abin da ke kai mutum Makka da Madina, an san mai zuwa Dubai ko ƙasar Sin saro kaya, an san mai zuwa Alƙahira ko Indiya neman lafiya. Amma a ƙetare rabin duniya, a shiga sanyin da ke daskarar da gashin hanci, don dai a tsaya bakin ruwa a zuba masa ido?

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tafkin Baikal, da ke kudancin Saiberiya a ƙasar Rasha, arewa kaɗan da iyakar Mongoliya, shi ne mafi zurfi a duniya, shi ne mafi tsufa, kuma babu tafkin da ya kai shi tara ruwan daɗi. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk abubuwan nan uku ido ba ya ganinsu daga gaɓa. Wanda ya je a lokacin da bai dace ba, ya kwana ɗaya ya juyo, zai dawo ya ce ya ga wani babban ruwa da duwatsu, kuma bai yi ƙarya ba. Don haka kafin maganar tikiti da masauki, sai an fara sanin abin da ake zuwa gani.

Girman yana ƙasa

Mu fara da tafkin da muka sani. A farkon shekarun 1960, lokacin da Tafkin Chadi ke cike, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Na Baikal wajen 31,500 ne. A kan taswira ke nan tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Wajen zurfi ne suka rabu. Chadi faranti ne, a yawancin wurare mita kaɗan ne zurfinsa, har masunci na iya tura kwalekwalensa da gora. Shi ya sa farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, garuruwan bakin ruwa irin su Baga suka wayi gari ruwan ya yi musu nisa. Baikal kuwa rijiya ce. Inda ya fi zurfi ya kai mita 1,642, matsakaicin zurfinsa ma ya haura mita 700. Saman ruwan yana kan tudu, mita 455 sama da teku, amma gindinsa ya nutse fiye da mita 1,100 ƙasa da fuskar tekun.

Tsawonsa kilomita 636 ne, a lanƙwashe, inda ya fi faɗi kuma bai wuce kilomita 80 ba. Wannan dogon rami yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa wanda bai daskare ba. Manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, in aka juye su wuri ɗaya, ba za su cika shi ba. Koguna da rafuka fiye da 300 ne ke zuba a cikinsa, babbansu Selenga, mai gangarowa daga Mongoliya. Mafita kuwa ɗaya tak: Kogin Angara. Da za a toshe duk masu shiga a bar Angara yana ta kwarara yadda ya saba, sai ya ɗauki kusan shekara 400 kafin ya kwashe ruwan.

Mutanen yankin suna da tatsuniya kan wannan. Wai Baikal dattijo ne mai 'ya'ya maza da yawa, kullum suna kawo masa dukiya, sai 'yarsa ɗaya tilo, Angara, ta gudu da dare wajen masoyinta, Kogin Yenisei. Uban ya fusata ya wurga mata dutse. Dutsen yana nan a tsakiyar ruwa, daidai inda kogin ke fita, kusa da garin Listviyanka, kodayake tun da aka gina madatsar ruwa ta Irkutsk a shekarun 1950 ruwa ya taso, kansa kawai ake gani.

Me ya hana shi cikewa?

Tafki ba abu ne mai daɗewa ba. Kowane kogi da ke zuba a cikinsa yana ɗauke da yashi da laka, a hankali sai ya cike, ya koma fadama, daga nan ya zama fili. Yawancin tafkunan Turai da Kanada ba su wuce shekara dubu goma sha wani abu ba. Baikal kuwa masana sun ƙiyasta shekarunsa da miliyan 25 ko fiye.

Dalilin shi ne ƙasar wurin tsagewa take yi. Ɓarin gabas da na yamma suna nesanta da juna kaɗan-kaɗan, tsakiyar tana ƙara nutsewa. Laka na zuba, ramin na ƙara buɗe baki. A wasu wuraren lakar da ta taru ƙarƙashin ruwan ta kai kaurin kilomita 7, amma har yau ba ta cimma ramin ba. Aikin kuma bai tsaya ba. A farkon 1862 wata girgizar ƙasa ta auku kusa da bakin Selenga, filin kiwo mai faɗin murabba'in kilomita wajen 200 ya nutse, da ƙauyuka da dabbobi, ruwa ya mamaye shi. Wurin yanzu lungun tafki ne da ake kira Proval. Maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke warwatse a gaɓar tafkin, waɗanda baƙi ke shiga wanka ko a tsakiyar hunturu, su ma daga wannan tsagewar suke.

Abin da ke rayuwa a ciki

Shekara miliyan 25 a keɓe sun ishi halitta ta ɗauki nata salo. Fiye da rabin nau'o'in dabbobin da ke cikin Baikal ba a samunsu ko'ina sai nan.

Wadda kowa ke son gani ita ce nerpa, wata dabbar ruwa mai shayarwa, mulmulalliya, mai manyan idanu baƙaƙe. Wanda ya san ayu na Kogin Binuwai zai kamanta su, sai dai ba dangi ba ne, ayu ciyawa yake ci, ita kifi. Danginta na cikin tekuna masu gishiri, ita kaɗai ce jinsinta gaba ɗaya ke zaune a ruwan daɗi, dubban kilomitoci daga teku. Tana haihuwa a kan ƙanƙara wajen ƙarshen hunturu, cikin ɗan ramin dusar ƙanƙara, ɗan kuma fari fat yake fitowa. Tana da tsoron mutane, saboda haka mafi sauƙin wurin ganinta shi ne gidan tarihin Baikal da ke Listviyanka, inda ake kiwon wasu a babban kwatarnin gilashi.

Abincinta mafi yawa wani ɗan kifi ne, golomiyanka, marar ɓawo, mai jiki shara-shara, mai tarin kitse, wanda ba ya zuba ƙwai, sai dai ya haifi 'ya'yansa da rai. Amma gwarzon tafkin ya fi wannan ƙanƙanta. Wani ɗan ƙwaron ruwa ne mai suna efishura, da ƙyar ya kai ƙwayar gero, yana nan bila adadin, aikinsa tace ruwa dare da rana yana cinye ƙananan tsirrai da ƙwayoyin cuta. Shi da soson ruwa da ke manne a duwatsun ƙasa suna cikin dalilan da suka sa a lokacin da ruwan ya fi tsabta ake hango abu har zurfin mita 40. Wani abin kuma, iskar shaƙa tana kaiwa har gindin tafkin, don ruwan sama mai sanyi yakan nutse ya sabunta na ƙasa. Shi ya sa ake samun rai har can ƙasa cikin duhu.

Kifin da baƙo zai ci karo da shi a kasuwa shi ne omul, wanda ake ƙyafewa da hayaƙi a sayar da zafinsa a nannaɗe cikin takarda. Yawansa ya ragu har gwamnati ta hana kamun sa na kasuwanci tun daga 2017. Saboda haka kifin da ake miƙo maka a bakin hanya da sunan omul, ko dai daga wani ruwan aka kawo shi, ko kuwa ta bayan fage ya fito.

Hanyar zuwa

Ƙofar Baikal ita ce birnin Irkutsk, wanda Rashawa suka kafa a 1661. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ya riƙe wannan da kyau: tun daga 2022 katunan Visa da Mastercard da aka bayar a wajen Rasha ba sa aiki a cikinta. Sai an tafi da tsabar kuɗi a canza. Daga Mosko jirgin sama yana ɗaukar wajen awa 6. Jirgin ƙasa kuwa, a kan layin dogon nan da ya ratsa Saiberiya har Vladivostok, yana cin kilomita fiye da 5,000 cikin kwana uku da wani abu. Agogon Irkutsk yana gaban na Kano da awa 7, don haka kwanan farko barci ne zai cinye shi.

Irkutsk ya cancanci yini guda, saboda tsofaffin gidajensa na katako masu sassaƙa a tagogi, da gidajen manyan hafsoshin da aka koro nan bayan sun yi wa Sarkin Rasha tawaye a 1825. Daga nan hanya ta rabu biyu. Listviyanka tana da nisan kilomita 70, awa ɗaya a mota, kuma nan yawancin baƙi ke tsayawa su ci kifi, su ɗauki hoto, su koma. Ba laifi, amma leƙe ne. Wanda ke son tafkin sosai sai ya yi awa 5 ko 6 daga Irkutsk zuwa tsibirin Olkhon, mafi girma a tafkin, mai tsawon kilomita 70 da 'yan kai, inda wutar lantarki ta gwamnati ba ta isa ba sai a 2005. Babban ƙauyensa Khuzhir ne, titunansa na yashi, masaukansa na katako.

Akwai kuma tsohon layin dogo da ya bi gaɓar kudu, daga Sliyudiyanka zuwa tashar Baikal, wanda aka sassaƙa a jikin duwatsu, da ramuka fiye da 30 da aka huda jirgi ke bi ta ciki. Kafin a kammala shi, manyan jiragen ruwa biyu masu fasa ƙanƙara ne ke ƙetarar da fasinja da taragu. A Niyukasil ta Ingila aka ƙera su, aka kawo su gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin tafkin. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a Fabrairun 1904, ƙanƙara ta fi ƙarfin jiragen, sai aka shimfiɗa dogo a kan tafkin, dawakai suka riƙa jan taragu zuwa ɗaya gaɓar. Ɗaya daga cikin jiragen, mai suna Angara, yana nan a Irkutsk an mai da shi gidan tarihi.

Lokacin zafi ko na ƙanƙara?

Hankalin ɗan ƙasar zafi zai ce a je a Yuli ko Agusta. Lokacin yana da daɗinsa: daji ya yi kore, jiragen ruwa suna kai da kawowa, ana bin hanyar ƙafa daga Listviyanka zuwa ƙauyen Bolshiye Koti ta gefen duwatsu. Amma ruwan da sanyinsa ko a Agusta, in ba a lunguna marasa zurfi ba, masaukai sun cika, kuma a farkon lokacin akwai kaska a daji mai sa cutar kumburin ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi duka, a lokacin zafi Baikal yana kama da kowane babban tafki mai kyau.

Ni dai a ganina, wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa ya je tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris. Tafkin yakan daskare a Janairu, ba ya narkewa sai Mayu. Zuwa ƙarshen Fabrairu kaurin ƙanƙarar ya kai mita ɗaya ko fiye, rana ta fara tsawo, sararin sama kuma yawanci garau yake. Saboda tsabtar ruwan, ƙanƙarar ba fara ba ce irin ta firji. Inda iska ta share dusar da ke kai, sai ka ga kana tsaye a kan wani abu mai duhun shuɗi, kana hango duwatsun ƙasa in kusa da gaɓa ne, in kuwa ka yi nisa sai baƙin zurfi kawai a ƙarƙashin takalminka. A nan ne lissafin mita 1,642 ke sauka daga kai ya koma gwiwa. Mutane da yawa, har da manya masu gemu, takun farko da rarrafe suke kusan yin sa.

Cikin ƙanƙarar akwai fararen tsagu da suka ratsa ta ta ko'ina, da kumfar iskar gas da ta taso daga ƙasa ta daskare a jere, wata bisa wata. Ƙanƙarar kuma ba ta yin shiru. Da rana ta ɗumama ta sai ta buɗe, da dare ta tsuke, sai ka ji ƙara kamar tsawa ta bi ta ƙarƙashin ƙafarka ta wuce. Wasu tsagun suna yin kilomitoci. Inda manyan faifai biyu suka yi karo, sai su kakkarye su tashi tsaye, tsibi-tsibi, wasu sun fi mutum tsawo, rana na ratsa su. A jikin duwatsun Olkhon kuma, raƙuman ruwan farkon hunturu da suka fantsama suka daskare sun bar koguna masu yatsun ƙanƙara na reto daga rufi. Direbobin tsibirin suna kai baƙi can cikin tsofaffin motocin UAZ, har zuwa Khoboi a ƙarshen arewacin tsibirin, su tsaya a tsakiyar tafki su dafa miyar kifi.

A wannan lokacin hukuma kan buɗe hanyar mota a kan ƙanƙara daga gaɓa zuwa Olkhon, wajen kilomita 11, da alamomin hanya, ana auna kaurinta a kai a kai. A bi ta. Kusan kowace shekara sai an ji motar da ta kauce wa hanya ta faɗa tsaga da mutane a ciki. Wanda ba ɗan wurin ba kada ya tuƙa da kansa, kada kuma ya yi nisa da ƙafa ba jagora, domin iskar da suke kira sarma tana saukowa daga duwatsun yamma ba sallama.

Sanyin fa? A Janairu ma'aunin zafi a Irkutsk yakan zauna wajen 20 ƙasa da sifili, a kan tafki kuma iska na ƙara masa kaifi. Rigar sanyin da ke fid da mutum a Jos ba za ta yi komai ba a nan. A sa kaya hawa uku, na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska, da takalmi mai kaurin ƙasa, da ƙarafan da ake ɗaura masa don kada a zame, da baƙin tabarau saboda ƙyallin rana. Gara a saye su a Irkutsk, inda aka san abin da ake sayarwa. Waya kuma a sa ta a aljihun ciki, in ba haka ba batirinta zai mutu kafin a ɗauki hoto na goma.

Masu wurin, da baƙo Musulmi

Tun kafin Rashawa su iso a 1643, Buriyat ne ke zaune a kewayen tafkin, makiyaya 'yan uwan Mongol. Na gabas, wajen birnin Ulan-Ude, yawancinsu mabiya addinin Buddha ne. Na yamma da na Olkhon sun fi riƙe addinin gargajiya na bokaye. Dutsen Burkhan da ke bakin Khuzhir yana cikin wuraren da suka fi girmamawa, za ka ga ginshiƙan katako an ɗaure su da ƙyallaye kala-kala, direba kuma na iya tsayawa a hanya ya yayyafa madara ko giya, ko ya ajiye kwabo. Babu mai tilasta wa baƙo ya yi, kuma ba sai ya yi ba. Abin da ake nema gare shi kawai kada ya yi ba'a, kada ya kwance ƙyallen wani, kada ya hau inda aka ce ba a hawa.

Irkutsk yana da tsohon masallaci da 'yan ƙabilar Tatar suka gina fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma a kewayen kasuwa ana samun gidajen abincin Uzbek da Tajik. A Olkhon sai an yi tambaya. Abincin da Buriyat ke alfahari da shi, buuza, wato niƙaƙƙen nama a cikin ƙullun fulawa da aka turara, sau da yawa ana gauraya naman sa da na alade, don haka kifi ne mafita. Alƙibla a can tana yamma, ba gabas ba, abin da kan rikita wanda ya saba da gida. A yi alwala a masauki kafin a fita kan tafki, wanda kuma ya karanta hukuncin shafa a kan huffi bai taɓa aiki da shi ba, ga ranarsa ta zo. In tafiyar ta faɗo cikin azumi a duba wata: a Yuni yini yana kusan awa 17, a Disamba bai kai 8 ba.

Wa ke ɓata shi yanzu?

Shekara da shekaru abokin gabar Baikal sananne ne: masana'antar takarda da aka buɗe a garin Baikalsk a 1966, tana zuba dagwalonta a tafkin. Masana da marubuta, irin su Valentin Rasputin, ɗan yankin, sun yi ta yaƙi da ita tun zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da sukar aikin gwamnati ba wasa ba ne. UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, amma ba a rufe masana'antar ba sai 2013, kuma miliyoyin tan na dattinta suna nan a ramuka kusa da gaɓa. A 2006 zanga-zangar mutanen Irkutsk ta sa aka karkatar da bututun man da aka so a bi da shi ta bakin ruwan.

Yau ɓarnar ta rarrabu a hannu da yawa. Masaukai sun yi ta tsirowa a Listviyanka da Olkhon ba tare da isassun wuraren tace ƙazanta ba. Ruwan bayan gida da na sabulun wanki suna tsiyaya cikin tafkin, sun zama taki ga wani koren gansakuka da ya fara mamaye gaɓa tun wajen 2010, soson ruwan nan masu tacewa kuma suna ta ciwo suna mutuwa. Tsakiyar tafkin har yanzu tsaf yake. Bakinsa ne ke ruɓewa, daidai inda baƙi ke kwana. Don haka mai zuwa ya tambayi masauki inda ruwan wankansu ke tafiya kafin ya biya, ya dawo da robarsa da ledarsa cikin jaka, kada kuma ya yi wanka da sabulu a cikin tafkin. Ya ba tafiyar aƙalla mako guda, kwana uku ko huɗu daga ciki a Olkhon.

Wanda sanyin ya karya masa gwiwa tun daga karatu, kada ya rufe littafin. Na biyu a zurfi a duniya yana nan nahiyarmu, shi ma a cikin tsagar ƙasa yake, zurfinsa mita 1,470, ya ma ɗan fi Baikal tsawo, kuma ana iyo a cikinsa duk shekara. A babi na gaba za mu sauka Kigoma, a gaɓar Tafkin Tanganyika, wanda Tanzaniya da Kongo da Burundi da Zambiya suka kewaye, mu fara da labarin jirgin Liemba da Jamusawa suka ƙera a 1913.